Shawarar da Na Ba Hajji Miftah

A Sabha na fara gane cewa Larabcin da na sha bulala a kansa a zauren mahaifina ba shi Larabawa ke yi a kasuwa ba. Kwana biyu da saukarmu daga motar da ta ratso Sahara da mu daga Agadas, na tsaya gaban wani mai burodi na tsara masa magana da wasulla cikakku, yadda aka koya mana. Mutumin ya saki baki yana kallona, sannan ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji baƙin mutum yana huɗuba a kan burodi. Sun yi dariya har da riƙe ciki. Amma ya ba ni guda biyu bai karɓi ko sisi ba, kuma su kaɗai na ci a ranar.

Sunana Almu, mutumin Tungar Guru ne ni, can ƙasar Bukkuyum. Ɗan malami ne ni, sai dai karatu bai riƙe ni ba, rami ne ya riƙe ni. Da zinari ya bayyana a dajinmu ina cikin waɗanda suka fara shiga ƙasa da igiya a ƙugu. Mukan kwaso dutsen mu kawo cikin gida, mata su daka a turmi, mu kai inji a niƙe, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Ɗana Nura yana da shekara biyu ya fara jijjiga, idonsa ya kafe, kafin kwana uku mun binne shi. Yayarsa Dije ta kama hanyarsa ke nan sai ga fararen motoci sun shigo gari. Likitocin turawa ne da ma'aikatansu. Suka kwashi yaran da iyayensu mata zuwa Bukkuyum, bayan wata guda Dije ta dawo da ƙafarta. Wasu turawan kuma suka ɗauke mu aiki, muka bi gida gida muna kankare ƙasa da fartanya da shebur, a zuba a buhu a kai nesa a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Da idona na ga baturiya a durƙushe a ɗakin Innata tana auna ƙasa da na'ura, gumi na ɗiga daga haɓarta. Aikin bai ƙare ba na bar gari. An hana niƙa, ni kuma na kasa zama a tsakar gidan da na shigo da abin da ya kashe ɗana.

Sabha ba ta yi mini daɗi ba. Wani ɗan kwangila ya kwashe mu mu shida muka yi masa wata guda muna haƙar harsashin gini a bayan gari. Ranar sallama ya zo da motar 'yan sanda a bayansa, muka haura katanga kowa ya yi ta kansa. Na yi gudu har na faɗa wani lungu, na jingina da bango ina haki ina tsine masa da harshen gida. Sai na ji murya daga ƙasa, wani dattijo mai gyaran takalma yana zaune a kan kwali.

"Kai, ɗan wane gari na?"

"Bukkuyum, Baba."

"Ni Gummi. Jaɓɓi aka ce min. Zamna ka sha ruwa. Mi ka iya ban da gudu?"

Na ce masa na iya rami. Yana jan zare ya ce akwai wani tsoho a arewa wanda rijiyar gonarsa ta rufta, Larabawa sun ƙi shiga, direban da ke kawo masa takalma ya ba shi labari. Kwana tara na yi a ɗakin Jaɓɓi, muna raba tabarma ɗaya, yana dama mana fura da madarar gari don ya san abin da bakina ke nema. Ranar da zan hau mota ya riƙe hannuna.

"Ka ji ni da kyau, Almu. Ƙasag ga ba a magana. In anka tambaye ka zahi, ka ce lahiya. In anka tambaye ka sanyi, ka ce lahiya. Wancan da hotonai ke ga bango, shekara arba'in shina mulki, ko cikin barci kak ka hwaɗi sunanai. Aikinka kat taho yi, ba shawara ba."

Gonar tana wani ƙauye yamma da Tarabulus, tsakanin teku da duwatsu. Zaitun ne jeri jeri iya ganinka. Mai gonar, Hajji Miftah, gajeren tsoho ne mai baƙar hula, ba ya ɗaga murya ko da kan jaki. Ɗansa namiji ɗaya ne, Anas, wanda suka samu bayan sun fid da rai, 'yan'uwansa mata duk sun yi aure. Yana da shekara ashirin da uku, yana karatun injiniya a Tarabulus, ya zo hutu. Da na ɗaura igiya zan shiga rijiyar, Hajji ya kira leburori biyu su riƙe. Anas ya tuɓe agogonsa ya ce shi zai riƙe. Kwana goma sha ɗaya ina shiga ina fita, hannunsa ya yi kanta ya fashe, bai ba kowa igiyar ba. A wurinmu masu shiga rami, wanda ya riƙe maka igiya ya wuce aboki. Ban gaya masa haka ba, amma a nan na ajiye shi.

Da ruwa ya dawo Hajji ya ce in zauna in riƙa kula da ban ruwa. Almu ya yi musu wuyar faɗi, suka mai da ni Mustafa. Anas kuwa Shaihu Mustafa yake ce mini saboda Larabcina na littafi. In na ce a miƙo mini bokiti sai ya ɗaga hannu sama ya ce amin. Uwarsa, Hajja, ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Abincina a tire ake ajiyewa a bakin ƙofar kicin, ta ƙwanƙwasa sau biyu daga ciki, in zo in ɗauka.

Ban cika wata uku a gonar ba abin ya taso. Aka fara da Tunis, aka koma Masar, muna kallo a talabijin ta tagar falo, mutane cike da fili suna cewa ba su so. Hajji yakan rage sauti ya leƙa waje. Anas kuwa ya kasa zama, yana tsaye yana cizon yatsa. Da wutar ta kama gabashin ƙasarsu, sai magana ta bazu cewa shugaban ƙasar ya ɗauko baƙaƙen fata sojojin haya. Daga ranar duk mai irin fatata ya zama abin farauta. A shingen hanya sai a tuɓe maka riga a duba kafaɗa, in an ga tabo a ce na bindiga ne. Ni kuwa da na shekara biyar ina saɓa buhun dutse, kafaɗata kaɗai ta isa a yanke mini hukunci. Jaɓɓi ya kira ni sau ɗaya ya ce zai bi ta Nijar ya koma gida, in taho. Hanyar kudu ta riga ta toshe mini. Hajji ya sa aka share ɗakin injin ban ruwa, ya saka mini katifa, ya ce kada in fito sai ya kira ni.

A ɗakin nan na fara jin jiragen turawa. Ba ka ganinsu, sai dai ƙara daga sama, can kuma ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga rufi.

Wata rana bayan la'asar Hajji ya shigo da butar shayi da kofi biyu. Bai taɓa yin haka ba. Ya zauna a kan jarka ya zuba mini da hannunsa.

"Mustafa, ƙanina da ke Tunis ya aiko. Ya ce in tura masa Anas kafin a rufe iyaka. Mota na nan cike da mai. Shi kuma Anas so yake ya hau duwatsu wurin masu tawaye. Ya ce in na hana shi zai hanu, kuma na san ba zai saɓa mini ba. Ka ga maganar tana hannuna."

Na kurɓi shayin.

"Faɗuwar mutumin nan ba ta dame ni ba, zai faɗi," in ji shi. "Bayan ya faɗi nake tunani. Waɗannan da ke sama, in sun gama rushewa, za su sauko a gyara tare, ko tafiyarsu za su yi? Ni abin da na sani game da bature shi ne abin da mahaifina ya gaya mini, sun rataye wansa a kasuwa. Kai ka ce sun zo garinku. Yaya suka yi?"

Tun da na bar gida ba wanda ya taɓa tambayata abin da na sani. Ɗauko, ajiye, shiga, fito, shi ke nan. Yau ga dattijo mai gona ya zuba mini shayi yana jiran abin da zan ce. Kaina ya kumbura, maganar Jaɓɓi ta fita ta ɗaya kunnen. Na gyara zama na ba shi labarin fararen motoci, da Dije da ta dawo da ƙafarta, da baturiyar da ta durƙusa a ɗakin Inna. Na ce masa in na'ura ta yi ƙara a kusurwar ɗaki, ko sau uku ne sai an sake kankarewa.

"Hajji, mutanen nan ba sa barin aiki rabi," na ce. "In sun kwashe mugunyar ƙasa, sai sun kawo mai kyau sun shimfiɗa kafin su tafi. Na yi aiki da su."

Ko kalma ɗaya ta ƙarya ban faɗa ba. Kuskurena shi ne na ɗauka bature ɗaya ne, mai allura da mai jirgin yaƙi duk gidansu ɗaya, halinsu ɗaya. Ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin wasu turawa ba sai waɗanda suka ceci 'yarsa, me kuma zai ce? Hajji ya ajiye kofinsa, ya tashi ya fita. Kwana biyu bayan nan Anas ya leƙo ɗakin inji da jaka a baya, ya ce mahaifinsa ya yarda ya hau duwatsu, in yi masa addu'a da Larabcin nan nawa mai nauyi, wataƙila ya fi saurin isa.

Wata shida ya yi. Ya dawo bayan faɗuwar Tarabulus, ya rame, ya tara gemu, amma ko ƙwarzane babu a jikinsa. Hajji ya yanka raguna biyu. A gaban baƙi ya kira ni daga wurin wanke-wanke ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce ga mutumin da ya hango abin da shi bai hango ba. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali daɗi ne ya cika ni har wuya.

Da lokacin zaɓe ya matso sai aka gano wani abu: a gidan kaf, har da Hajji mai shekara saba'in, ni kaɗai na taɓa jefa ƙuri'a. Anas ya same ni a bakin rijiya da takarda da biro, wai in koya masa dimokuraɗiyya tun da ni tsohon hannu ne.

"Sau nawa ka yi zaɓe, Shaihu?"

"Sau uku."

"Me ka samu?"

"Na farko sabulu da gishiri. Na biyu atamfar matata. Na uku an riga an dangwala mini kafin in iso, aka ce in koma gida in huta."

Ya yi dariya har biro ya faɗi. Na ƙara masa da cewa wanda muka zaɓa, lokacin da yaranmu ke mutuwa sau ɗaya ya zo ta'aziyya, kuma bai sauke gilashin motarsa ba. Nan dariyar ta tsaya.

"Ku ba ku zubar da jini a kanta ba, shi ya sa kuka sayar da ita da sabulu," in ji shi. "Mu mun binne mutane. Tamu ba za ta zama haka ba."

Ban yi masa musu ba, don ina so ya zama shi ke da gaskiya. Ranar zaɓe Hajji da Hajja da Anas suka dawo da tawada a yatsa. Na ji guɗar Hajja daga cikin gida. Hajji ya ƙi wanke hannun da sabulu har kwana huɗu, alwala kaɗai.

Anas ya mai da bindigarsa, ya karɓi takardar shaida. Ya shiga kwamitin gari mai bi gida gida yana roƙon samari su ajiye makamai. A duk waɗanda suka hau duwatsu tare, su uku ne suka ajiye. Shugaban ƙungiyarsu, wanda da faci yake yi a bakin hanya, yanzu yana yawo da motoci takwas masu bindiga a baya, kuma ba shi da niyyar komawa ga taya. Kowane gari ya kafa shingensa, kowace unguwa da rundunarta. Waɗanda aka zaɓa suna zaune a majalisa masu bindiga suka shiga suka kore su kamar kaji. A talabijin muka ga sojoji sun dawo mulki a Masar, muka ga Sham ta zama kufai, muka ga Yaman. Anas ya daina tsayawa kallo. In an fara labarai sai ya tashi ya zo wurina mu duba bututu, ko da ba abin da ya same su.

Turawan sama kuwa tun ranar da aka kashe shugaban ba mu ƙara jin ƙararsu ba. Hajji yakan ce suna shiri ne, irin wannan aiki ba a yin sa da gaggawa, ya dube ni, ni kuma in gyaɗa kai.

A shekarata ta huɗu na samu na yi doguwar magana da Inna ta wayar wani maƙwabcinmu. Bayan gaisuwa na tambayi Dije.

"Tana nan ta girma. Sai dai ba ta riƙe karatu, Almu. Abin da anka hwaɗa mata da sahe, kahin marece ta mance."

"Turawan fa, Inna?"

"Likitoci na nan, Allah shi saka musu. Waɗanda sunka kankare ƙasa sun gama nasu sun tahi tun tuni. Amma mutane sun koma ga dutse, ɗana. Yunwa ta. Can daji aka niƙa yanzu, su komo da ƙura ga tuhwahinsu, ɗiya su rungume su. Kuma wasu masu bindiga sun hwara zama dajin. Ba mu kwana da ido biyu ruhe."

Na ajiye wayar. Ashe ko a garinmu, inda waɗanda suka zo da alheri suka zo, sabuwar ƙasa ba ta hana komai dawowa ba. Labarin da na ba Hajji rabinsa na sani, don a tsakiyarsa na bar gari. Na ce gobe zan gaya masa. Gobe ta yi na ce sai ya gama azumin nafila. Haka na yi ta ɗagawa.

Ana cikin haka faɗa ya ɓarke a Tarabulus tsakanin rundunonin da suka yi tawaye tare. Ofisoshin jakadanci suka rufe, turawa suka fita a jerin motoci ta hanyar da ta wuce bayan gonarmu, muna tsaye muna ƙirga su da ido. A makon nan ƙanin Hajji ya zo da kansa daga Tunis. Suka zauna a gindin zaitun bayan azahar, shi da Hajji da Anas. Ni ina zuba musu ruwan wanke hannu.

"Yaya, yaron nan ya bi gida gida yana cewa a ajiye bindiga," in ji ƙanin. "Masu bindigar sun san sunansa, sun san motarsa. Ka ba ni shi yau mu tafi."

Anas ya ce in duk wanda ya yi karatu ya gudu, wa za a bar wa ƙasar? Amma ya ƙara da cewa abin da mahaifinsa ya yanke shi zai yi.

"Ficewar nan ta ɗan lokaci ce," in ji Hajji. "Su suka fara aikin nan, duniya na kallonsu, dole su dawo su ƙarasa. Mustafa ya yi aiki da su, ya ce ba sa barin aiki rabi. Ko ba haka ba, Mustafa?"

Butar tana hannuna. Maganar Inna tana bakina, a shirye, ba abin da ya rage sai in buɗe. Na tuna ranar raguna biyu, da yadda ya zaunar da ni a gaban mutane. Na ji kunyar in ce a gaban baƙo shekara uku ina gyaɗa kai a kan abin da ban san ƙarshensa ba.

"Haka ne, Hajji," na ce.

Ƙanin ya dube ni daga sama har ƙasa, ya goge hannunsa, ya tafi shi kaɗai.

Ba a cika mako uku ba bel ɗin injin ban ruwa ya tsinke. Ni ba na iya fita saboda shingaye, Anas ya ce zai je gari ya sayo. Ya fita da hantsi. Da azahar ba shi, da la'asar wayarsa a kashe. Washegari aka ga motar a hanyar teku, ƙofofi a buɗe, sabon bel ɗin yana kan kujera a cikin ledarsa.

Hajji ya fara yawo. Ya je wurin tsohon mai facin nan, mutumin ya sumbaci kansa ya rantse ba yaransa ba ne, ya ambaci wata runduna. Waccan ta ambaci wata. Ya nemi wakilin da ya zaɓa da yatsansa, aka ce yana otal a ƙasar waje. Ya je ofishin da aka ce turawa na karɓar ƙorafin waɗanda suka ɓace, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. 'Yan damfara suka samu lambarsa, yau a ce an ga Anas a wani kurkuku a gabas, gobe a ce yana kudu, ya sayar da itacen zaitun ɗin da kakansa ya dasa ya aika musu kuɗin, daga nan wayarsu ta mutu. Ni kuwa da ya riƙe mini igiya kwana goma sha ɗaya, ko shingen farko ban isa in wuce ba balle in nemo shi. Ina gona ina ba itatuwa ruwa.

Hajja ta hana kowa yi mata jaje. Matan da suka zo da kuka ta sallame su daga bakin ƙofa, ta ce ɗanta tafiya ya yi. Kowace Juma'a sai ta wanke kayansa ta shanya ta goge, ko da ba wanda ya sa su. Tirena kuma bai fasa fitowa ba ko rana ɗaya, ƙwanƙwasa biyu, in zo in ɗauka. Abincin nan ya fi komai yi mini wuyar haɗiya.

Shekara ta zagayo, lokacin tsinkar zaitun ya zo ba mai tsinka, 'ya'yan suna zuba ƙasa suna ruɓewa. Na tarar da Hajji zaune a bakin rijiya da safe. Na durƙusa na gaya masa komai: wayar Inna, da Dije, da dutsen da aka koma, da cewa na san duk wannan ranar da ƙaninsa ya zo, na ce haka ne. Ina so ya zage ni. Da ya ɗauki sanda ya rufe ni da duka da na ji sauƙi.

"Ka gama?" ya ce.

"Na gama, Hajji."

"Mustafa, kafin in zo wurinka ranar nan na tambayi liman, ya ce in tura shi Tunis. Na tambayi ƙanina, na tambayi uwarsa, duk bakinsu ɗaya. Na yi ta yawo da tambayar har na shigo ɗakin inji, don a nan kaɗai na samu wanda ya faɗi abin da nake son ji. Shekara arba'in ina sunkuyar da kai. Ina so a ce gidana ma ya fitar da mutum ɗaya."

Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko tausayina ya ji. Ko wanne ne, bai sauke mini komai ba.

Ya ce in koma gida. Ba shi da sauran ƙarfin kare ni, kuma an fara kama baƙaƙe daga gonaki ana sayarwa tsakanin runduna da runduna. Ya shirya da wani direban motar kayan lambu ya ɓoye ni a bayan kwanduna har Sabha, daga can in nemi motar Agadas. Tsakiyar hunturu ne, sanyin da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa, ni kuma rigata ɗaya ce mai dogon hannu.

Da safe motar ta tsaya a bakin gona. Na ɗaure 'yan kayana a buhu, na yi sallama da Hajji, na juya zan hau. Sai na ji ƙwanƙwasa biyu daga ƙofar kicin. Na je in ɗauki tire, na zaci guzuri ne. Ƙofar ta buɗe kaɗan, hannu ya fito riƙe da baƙar riga mai kauri ta ulu, a ninke, tana ƙanshin guga.

"Sahara da sanyi," in ji Hajja. Shekara biyar ina cin abincinta, ranar ce ta fara yi mini magana. "Ka sa."

Hajji ya matso ya ga abin da ke hannuna.

"Hajja, ta Anas ce," ya ce a hankali. "In ya dawo cikin sanyin nan..."

"Ka bar shi ya sa."

Ta rufe ƙofar. Hajji ya tsaya yana kallon ƙofar, ya gane ita ma ta daina jiran ɗansu, ya zauna a ƙasa a jikin tayar motar, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Direba yana ta danna ham don yana so ya wuce shingen farko kafin a canza masu gadi. Na sa rigar a gabansa, don ban san yadda zan mayar ba. Hannun rigar ya fi nawa tsawo, sai da na naɗe shi sau biyu.